Waiwaye: giyar Nijar, daga izin ɗin Yamai zuwa iyakar Ƙonni

A ƙasar da kusan kowa Musulmi ne, ba wani minista da zai tsaya gaban jama'a ya ce zai bunƙasa sana'ar giya. Shi ya sa tun fil azal hukuma ta fi kallon ta da idon lanfo.

A 1967 aka kafa kamfanin Braniger a Yamai, daga baya ya shiga hannun rukunin Castel na Faransa. Shi ne ya riƙa yin Bière Niger, mai hoton raƙumin dawa a kwalba, wadda mashaya suka laƙaba wa suna "Conjoncture" a shekarun tsuke bakin aljihu. Shi ne kuma ya riƙa cika lemun Coca-Cola. Sai dai an gina shi da rauni tun tushe. Ba a noman sha'ir na giya a ƙasarmu, don haka tsironsa, da furen da ke ba giya ɗaci, duk sai an sauke su a tashar Kwatano, kamiyo ya kwaso su tafiyar kilomita sama da 1,000. Da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, kuɗin waɗannan kaya ya ninka dare ɗaya.

Najeriya ta bi wata hanya. A 1988 ta hana shigo da tsiron sha'ir, kamfanoni suka koma ga dawa. Aikin ba sauƙi: sitacin dawa ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 70, alhali a wannan zafin sinadarin tsiron da ke mayar da shi sukari ya fara mutuwa. Dole a dafa dawar daban, a ƙara sinadarin daga waje. Ga shi ba ta da ƙaiƙayin da ke taimaka wa tata, ruwan kan toshe matata. Amma sun shawo kan abin, manomin dawa ya samu mai saye. Wannan darasin ne ya wuce mu.

Ta fuskar doka, ƙungiyar UEMOA, ta ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, ta daidaita harajin barasa tsakanin ƙasashenta tun 1998, ga kuma TVA, harajin da ake ɗorawa kan kayan sayarwa, ta kashi 19 cikin 100 a kai. Izin mai adireshi ba ta da wurin ɓuya, sai ta biya. Ɗan fasa-ƙwauri da ya ɗaure katan huɗu a bayan babur, ya kewaye duwan tsakanin Illela da Birnin Ƙonni da asuba, bai san wannan lissafi ba. Faɗuwar naira a 2016 ta ƙara wa kayansa arha. A 2019 Braniger ya rufe ƙofa.

Rufewar ba ta kawar da giya daga Yamai ko Tawa ba, asalinta kawai ya canza. Mai binciken lafiya yana iya shiga izin ya ɗebi samfur a tanki, amma ba ya iya bin gwangwanin da ya yini a rana kan iyaka, ko barasar leda mai ƙarfi da yara matasa ke saye da ƴan canji. Haka burkutun gida: ana jiƙa dawa, ta tsira, a niƙa, a dafa, a bar ta ta tashi, kuma da yake ba a kashe ƙwayoyinta da zafi bayan nan, cikin kwana biyu zuwa uku ta yi tsami. Mai sayarwa da ke tsoron asara ita ce ke fara neman abin da za ta ƙara a tukunya.