Kwamin Baftisma a Tsofaffin Cocin Ingila

Kwamin baftisma babban mazubin ruwa ne, galibi na dutse, wanda ake yi wa jarirai baftisma a cikinsa. A cocin ƙauyukan Ingila akan girke shi kusa da ƙofar shiga, alamar cewa ta baftisma ake shiga addinin. Sau da yawa ya girmi ginin, domin ko an sāke coci akan bar tsohon kwami.

Ƙira

Yana da kwano, da ƙafa, da gindi. Akan shafe cikin kwanon da darma saboda dutse na tsotsar ruwa, sannan a huda rami ta cikin ƙafar don ruwan ya zurare ƙasa. Na dā suna da zurfin da za a tsoma jariri.

Tarihi

Kaɗan ne suka saura daga kafin 1066. Na ƙauyen Deerhurst, wanda ake kyautata zaton na ƙarni na 9 ne, a wata gona aka tsinto shi. Zamanin Normawa, waɗanda suka ci Ingila da yaƙi a 1066, ya bar masu yawa, wasu kamar turmi, wasu masu kusurwa huɗu. Bakwai na baƙin dutsen Tournai ne, daga Beljiyam ta yau, huɗu cikinsu suna Hampshire. Na darma zalla kusan 30 suka rage. Na Brookland a Kent yana ɗauke da zanen ayyukan watanni 12.

Daga ƙarni na 14 mai kusurwa takwas ya yi rinjaye. A Norfolk da Suffolk aka fi samun masu sassaƙen sakramenti bakwai (manyan ibadun coci, irin su baftisma da aure), kimanin 40.

Murfi da kwaɗo

Ruwan da aka tsarkake a daren Ista da na Fentikos akan ajiye shi watanni. Don gudun masu ɗiba su yi tsafi, aka umarci a riƙa rufe kwami da murfi a kulle. Ana danganta dokar ga Akbishop Edmund Rich na Canterbury, wajen 1236. Ƙarafan kullewa da aka kafa a bakin kwanon sun yi ɓarna: ƙarfe in ya yi tsatsa sai ya kumbura, ya tsaga dutse. Gurbinsu na taimaka wa masana wajen ƙiyasta shekarun kwami.

Daga baya murfin ya zama abin ado. Na Ufford a Suffolk, na katako, ya kai ƙafa 18, kuma ƙasansa na zamewa sama idan za a buɗe.

Bayan 1640

Lokacin yaƙin basasa an fitar da wasu, aka koma ga tasa. An mayar da su bayan 1660. Yau yawanci zuba ruwa ake yi a goshi.