Gyaran tsarin sayen kayan soja don shigar da ƙananan kamfanonin fasaha

Gyaran tsarin sayen kayan soja yunƙuri ne da ma'aikatun tsaro na ƙasashe da dama suke yi na sauya dokokin ba da kwangila, domin ƙananan kamfanoni su samu damar sayar wa soja manhajoji, jirage marasa matuƙi da na'urorin sadarwa ba tare da sun yi shekaru suna jira ba.

A Amurka aka fi ganin tushen matsalar. A 1993, bayan Yaƙin Cacar Baka, mataimakin sakataren tsaro William Perry ya shaida wa shugabannin kamfanonin makamai cewa kasafi zai ragu, sai dai su haɗe. Rahoton ma'aikatar tsaro na 2022 ya nuna manyan 'yan kwangila sun koma 5 daga 51: Lockheed Martin, Raytheon, General Dynamics, Boeing da Northrop Grumman. Ga kuma tsarin kasafin da sakataren tsaro Robert McNamara ya kafa a 1961, wanda ke sa a tsara kuɗin aiki kusan shekara biyu kafin a kashe shi. Wannan ya dace da jirgin ruwan yaƙi da zai yi shekaru da yawa yana aiki, amma manhajar da ake sabuntawa kowane mako kan tsufa kafin kuɗinta ya fito.

An buɗe wa ƙananan kamfanoni ƙofofi da dama. An kafa shirin SBIR a 1982 don ba su kuɗin bincike. Akwai kuma izinin kwangila na musamman da ake kira OTA, wanda hukumar NASA ta fara samu a 1958, DARPA, hukumar binciken fasaha ta ma'aikatar tsaro, kuma a 1989. Yana ba da damar kauce wa yawancin ƙa'idojin sayayya na gwamnati. A 2015 sakataren tsaro Ash Carter ya kafa DIU, sashen jawo fasahar 'yan kasuwa zuwa aikin soja, a Mountain View, jihar Kalifoniya, kusa da kamfanonin da ake son jawowa. Wasu kuwa ta kotu suka shiga: kamfanin roka na SpaceX ya kai rundunar sojan sama ƙara a 2014, kamfanin manhaja na Palantir kuma ya yi nasara a kan rundunar sojan ƙasa a 2016, bisa dokar 1994 da ta ce a fara duba kayan da ke kasuwa kafin a ƙera sabo.

Inda abin ya fi ciwo shi ne tazarar da masu harkar ke kira "kwarin mutuwa". Kamfani zai samu ƙaramar kwangila, ya ƙera samfuri, sojoji su gwada su yaba, sannan a rasa kuɗin sayen kayan da yawa saboda ba a sa shi a kasafi ba. Babban kamfani yana iya jira. Ƙarami kuwa albashi na jiransa kowane wata, masu zuba jari na neman riba, sai ya rufe ko babba ya saye shi. Nan ne ya kamata gyara ya fi ƙarfi, amma nan ne ya fi tafiyar hawainiya. Akwai kuma taƙaddamar mallakar fasaha: gwamnati na son haƙƙin bayanan ƙira don kada kamfani ɗaya ya riƙe mata wuya, shi kuwa ƙaramin kamfani wannan fasahar ce dukiyarsa.

Wasu ƙasashe ma sun buɗe irin waɗannan shirye-shirye na jawo ƙananan kamfanoni: Birtaniya ta kafa DASA a 2016, Indiya ta kafa iDEX a 2018, ƙungiyar NATO kuma ta amince da shirin DIANA a 2021, ta ƙara da asusun zuba jari na yuro biliyan 1 a 2022. Yukren ta ƙaddamar da dandalin fasahar tsaro na Brave1 a Afrilun 2023, inda ake gwada jirage marasa matuƙi a fagen daga, ra'ayin sojoji ya koma ga masu ƙerawa, a gyara ƙirar cikin makonni.