Maganin kansa a Shika: ina kyautar ta tsaya?

Akwai wata murya da ke yawo a WhatsApp, daga zauren 'yan unguwa zuwa na tsofaffin ɗalibai, wai Gwamnatin Tarayya ta yi doka cewa maganin kansa ya zama kyauta a asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya, kuma duk ma'aikacin da ya miƙo maka takardar biyan kuɗi ɓarawo ne, ka kai ƙararsa a ɗaure shi wata shida. Mai maganar har da rantsuwa. Sai kuma wata jita-jitar da ke biye da ita, mai cewa zancen tallafin gwamnati ga masu kansa duk shifcin gizo ne, sai mai uwa a gindin murhu ke samu, kada ma ka wahalar da kanka. Kowacce a cikinsu cutar marar lafiya take yi. Ta farko kan sa mutum ya taso daga Giwa ko Ikara ko Funtuwa da kuɗin mota kaɗai a aljihu, ya koma gida ba a yi masa komai ba, yana tsine wa mutanen da ba su ci masa ko kwabo ba. Ta biyun kuma tana hana mabuƙaci tambayar abin da aka ware dominsa.

Abubuwa uku ne daban-daban aka cakuɗa su wuri guda: asusun tallafa wa masu kansa, da wani sashe na Dokar Lafiya ta Ƙasa, da dokar inshorar lafiya.

Asusun dai gaskiya ne. A takardun gwamnati sunansa Cancer Health Fund, ma'aikatan asibiti kuma CHF suke ce masa, kuma da wannan sunan za ka tambaya a gane ka. Ya fara aiki a 2021 da asibitoci shida, ɗaya a kowace shiyya. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika shi ne na Arewa maso Yamma, sauran kuwa suna Abuja da Gombe da Ibadan da Benin da Enugu. Daga baya aka miƙa kula da shi ga NICRAT, cibiyar bincike da maganin kansa ta ƙasa wadda dokar 2017 ta kafa. Kansa iri uku aka fara da su: ta mama, ta bakin mahaifa, da ta furostet da ke kama maza. A kula da wannan ta ukun, don mutane da yawa na kiranta kansar mafitsara, alhali kansar mafitsarar kanta wata cuta ce daban, kuma ba ta cikin jerin. Haka ma kansar hanta da ta hanji ba sa cikin waɗanda aka fara da su. Na fahimci dalilin zaɓen, waɗannan ukun su ne suka fi yawa a ƙasar. Amma duk wanda ya san yadda ciwon hanta ya yi katutu a gidajenmu na Arewa, zai ji wani abu ya tsaya masa a maƙogwaro.

Ba a ba kowa kuɗi a hannu. Wannan ya kamata a faɗa wa dangi tun da wuri, don an sha zargin ɗan da ke jinyar uwarsa cewa ya karɓi miliyoyi ya yi shiru. Idan aka amince da sunan marar lafiya, wani asusu ake buɗe masa a kwamfuta, ana cire kuɗin magani ko aikin tiyata ko gashi (wato ƙona kansar da hasken na'ura) daga ciki, kuɗin na tafiya kai tsaye inda aka yi hidimar. Asusun kuma yana da iyaka. A tsarin da aka fara da shi, naira miliyan 2 ne ƙarshen abin da mutum ɗaya zai iya samu.

Miliyan 2 kuɗi ne mai yawa a kunnen wanda bai taɓa riƙe takardar kemo ba, wato magungunan da ake sa wa marar lafiya don kashe ƙwayoyin kansa. Mai kansar mama galibi takan yi zagaye shida zuwa takwas na kemo, mako uku-uku tsakani. Kafin kowane zagaye sai an gwada jininta, in ya yi ƙasa a ɗage ko a yi mata ƙari. Ga maganin hana amai, ga aiki, ga gashi in likita ya ce a yi. Bayan an gama, wasu za su ci gaba da shan ƙwayar tamoxifen kullum har shekara biyar ko fiye. Idan kuma gwaji ya nuna irin kansar da ake kira HER2 ce, akwai allurar trastuzumab da akan yi kusan shekara guda ana yi, ita kaɗai tana iya cinye asusun tun ba a je ko'ina ba. Yawancin magungunan nan daga waje ake kawo su, kuma kowa ya ga abin da ya sami farashin magani bayan an saki naira a tsakiyar 2023. Ke nan ko wadda ta dace aka sa sunanta, iyalinta su ci gaba da tanadi.

Wurin da aka fi samun rikici shi ne sharaɗin nan na cewa asusun na marasa galihu ne. Wane ne marar galihu? Malamin firamare mai albashi, wanda kuɗin zagaye ɗaya ya fi albashinsa, yana ciki ko yana waje? Manomin da ke da gona da shanu biyu, amma in ya sayar da su ya gama yawo, fa? Ba kai za ka yanke wa kanka wannan hukuncin ba, ba kuma likitanka shi kaɗai ba. Ma'aikatan sashen walwalar marasa lafiya na asibitin ne ke tantancewa. Za su yi tambaya a kan sana'a, da abin da ke shigowa, da yawan iyali, da wanda ke ɗaukar nauyin jinyar, sannan maganar ta bi matakai a cikin asibitin kafin a amince.

A nan ne halinmu na rufin asiri ke juyowa ya cuce mu. Dattijo zai sa babbar rigarsa ta Juma'a ya zo, a tambaye shi yaya hali, ya ce alhamdu lillahi, yara suna ƙoƙari. Bai faɗi cewa an jinginar da gonar gado ba, bai faɗi cewa mai ɗakin nasa ta sayar da 'yan kunnen aurenta ba, bai faɗi cewa babur ɗin da babban ɗan ke acaɓa da shi ya tafi tun a zagaye na biyu ba. Mai tantancewa abin da aka gaya masa zai rubuta. Godiyar Allah daban, bayanin hali daban, kuma faɗin gaskiya a wannan ofishi ba bara ba ce. Haka kuma ƙarya ba ta da amfani, don wanda ya yi ta ya samu, gurbin wata baiwar Allah ya tare.

Sai wani abu da ba a cika faɗa ba. Kafin a yi maganar asusu, sai an tabbatar kansa ce, wato an ɗebi tsoka an kai ɗakin gwaji, sakamako ya fito. Kumburi a mama ko zubar jini ba su isa shaida ba. Wannan matakin farko, da hotuna da gwaje-gwajensa, a mafi yawan lokuta daga aljihun iyali yake fitowa, kuma a nan talaka da yawa ke juyawa su koma wajen mai magani a kwalba. In da za a tambaye ni, nan ya kamata tallafin ya fara.

To me ya sa wani ya cika duk sharuɗɗa amma yana ta jira? Saboda asusun nan tsari ne na gwamnati da ke rayuwa a kan kasafin kuɗin kowace shekara. Ba wata doka da ta ce duk mai kansa yana bin gwamnati bashin magani. Abin da aka sa a kasafi, aka kuma saki, shi ake rabawa. A kasafin 2024 naira miliyan 200 aka ware masa. Raba wannan da miliyan 2, za ka ga mutum 100 ke nan in kowa ya cinye kasonsa, a ƙasar da ƙiyasin hukumar binciken kansa ta duniya ya nuna ana samun sabbin masu cutar sama da 120,000 a shekara. Idan ma'aikaci ya ce maka babu kuɗi a asusun yanzu, kafin ka kira shi ɓarawo ka yi wannan lissafin. Fushinka yana da wurin zuwa, wato wajen waɗanda ka zaɓa suka tafi majalisa suna zartar da kasafi.

Yanzu ga zancen ɗaurin wata shida. Ba ƙirƙirarsa aka yi ba, ɗauko shi aka yi daga inda yake aka ajiye inda ba nasa ba. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana duk wani ma'aikacin lafiya ko asibiti ƙin ba mutum kulawar gaggawa bisa kowane irin dalili. Wanda aka samu da laifin saɓa wannan, hukuncinsa tarar naira 100,000, ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Kulawar gaggawa aka ce. Idan mai kansar bakin mahaifa ta zo jini na zuba har ta galabaita, ko mai kansar furostet fitsari ya ƙi fita, ko wanda aka yi wa kemo zazzaɓi mai zafi ya rufe shi, waɗannan gaggawa ne, kuma ba a yarda a bar su a benci ana jiran kuɗin kati ba, a asibitin gwamnati ne ko na kuɗi. Amma zagaye na uku na kemo da aka sa maka rana tun makonni uku da suka wuce, ba shi sashen ke nufi ba, komai tsananin buƙatarka gare shi. Sashen kuma bai ce kulawar kyauta ce ba. Cewa ya yi kada a ƙi ka. Bayan an ceto rai, takardar biya na iya biyowa.

Saboda haka mai zuwa famasi ya buga tebur yana karanto sashe na 20 don a ba shi maganin kemo, ɓata bakinsa kawai yake yi. Mai rakiyar da ya san sashen a ɗakin gaggawa da tsakar dare kuwa, ya riƙe abu mai amfani. Ita kanta tarar, naira dubu ɗari ta 2014 ba ita ce ta yau ba, kuma da wuya ta firgita wani babban asibitin kuɗi. Lokacin gyaranta ya daɗe da yi.

Na ukun, inshora. Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Mayun 2022, ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan ƙasa, ta kuma tanadi asusu domin yara 'yan ƙasa da shekara biyar, masu juna biyu, tsofaffi, masu naƙasa da marasa galihu. A jihar Kaduna, KADCHMA ce ke gudanar da tsarin jiha. Sai dai katin inshora ba ya nufin an ɗauke maka kansa gaba ɗaya. Ma'aikacin da ke tsarin tarayya yana biyan kashi 10 cikin ɗari na kuɗin maganin da ke cikin jerin hukumar, manyan magungunan kansa masu tsada kuwa nasu lissafin daban ne. Akwai yarjejeniyar da hukumar ta ƙulla da kamfanin magunguna na Roche a kan wasu magungunansa na kansa, inda kamfanin ke ɗaukar rabi, hukumar kashi 30, marar lafiya kashi 20. Ga mai buƙatar trastuzumab wannan ragi ne babba, amma sai mai rajista, kuma sabuwar rajista tana da lokacin jira kafin ta fara aiki. Wanda ke da lafiya yau, shi ya fi dacewa ya ji wannan maganar.

Akwai kuma wata ƙofa da masu jita-jitar ba su ma san da ita ba. A 2019 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da wasu abokan hulɗarta suka ƙaddamar da shirin sauƙaƙa farashin magungunan kemo, Shika na cikin asibitocin farko, kuma ragin a kan wasu magunguna yana iya kaiwa rabi. Shi ba ya buƙatar a tantance ka a matsayin marar galihu. Don haka kafin ka ɗauki hoton takardar magani ka tura wa ɗan'uwa a Sabon Gari ko Kano ya zagaya kemis-kemis, fara tambayar famasin sashen kansa ko maganin na cikin shirin, kuma ko akwai shi a ƙasa.

In dole ta sa sai an saya a waje, a yi hattara. NAFDAC ta sha fitar da gargaɗi a kan jabun magungunan kansa, har da masu ɗauke da sunan Herceptin, wato wani samfurin trastuzumab. Wasu alluran kuma dole su zauna a firji tun daga kamfani har zuwa jikin marar lafiya. Kwalbar da ta kwana a shagon da ba wuta, aka ɗauko ta a leda cikin zafin Afrilu daga PZ zuwa Shika, tana iya zama kuɗi ne aka zubar ko da ta gaske ce. A tafi da kula mai ƙanƙara a ciki, a karɓi rasit, a nuna wa mai harhaɗa magani na asibiti kwalin kafin a buɗe. Idan kuma kuɗin zagaye na gaba bai haɗu ba, kada a ɓace a gida ana jin kunya. A je ranar da aka sa, a gaya wa likita, don tsallake zagaye yana rage wa maganin ƙarfi, kuma wani lokacin akwai samfurin wani kamfani mai sauƙin kuɗi da zai iya rubutawa. Ranar a riƙo katin asibiti, sakamakon gwajin tsoka, takardar maganin ƙarshe da katin shaida, a kuma biya ta ofishin walwalar marasa lafiya a tambayi CHF, ko da an tambaya a watan jiya an ce babu.