Madugu: sunan da ba a gadonsa kamar ƙira

Wanda ya duba rajistar makaranta a Jega ta Jihar Kabi ko Gummi ta Jihar Zamfara zai ga sunayen ƙarshe kala uku ne suka cika ta: sunan uba, sunan gari, sai kuma laƙabin sana'a irin su Maƙeri, Wanzam, Magini ko Mai Goro. A cikin kala na uku akwai wanda sai an daɗe ana bin layi kafin a ci karo da shi, wato Madugu. Yara da yawa da ke ɗauke da shi sun san kalmar ne daga rediyo, inda ake cewa madugun 'yan adawa ko madugun 'yan tawaye, ko daga kirarin 'yan siyasa na "madugu uban tafiya". Wannan duk aro ne. Asalin madugu shi ne shugaban ayarin fatake, mutumin da ɗaruruwan mutane ke damƙa wa dukiyarsu da rayukansu na tsawon watanni a kan hanya.

Ko ginin kalmar ya bambanta da na sauran sunayen sana'a. Maƙeri daga ƙera ya fito, majemi daga jema, marini daga rina, kuma jam'insu maƙera, majema, marina. Madugu ba ya bin wannan tsari: babu aikatau a bayansa da ake cewa mutum ya yi, wasalin ƙarshe "u" ne, jam'insa kuma madugai. Muƙami ne da ake ɗora wa mutum, kamar yadda ake ɗora wa wani limanci.

Fataucin da ya fi ɗaukaka sunan a wannan yanki shi ne na goron Gwanja. Ayari kan haɗu a Jega, wadda kasuwarta ta bunƙasa bayan jihadi har ta zama mahaɗar fataken Kano da na Sakkwato, ko a Gummi, inda Kambarin Barebari suka zauna suka shahara da wannan fatauci. Daga nan a gangara a ƙetare Neja ta wajen Illo ko Yawuri, a ratsa ƙasar Bargu, a bi ta Zugu da Sansanin Mango da Yandi, a sauka Salaga, babbar kasuwar ƙasar Gwanja, a arewacin Gana ta yau. Ana tafiya da kanwa, da baƙaƙen tufafi na rini, da jan fata, da gabu, da dabbobi, kuma gaskiyar tarihi ita ce har da bayi. Ana komowa da goro. Zuwa da dawowa kan ci wata shida, wani lokaci shekara guda, shi ya sa ake tashi da kaka bayan ruwa ya ɗauke, lokacin da rafuka suka ja baya kuma akwai sauran ciyawa ga jakuna. Baturen nan Clapperton ya gamu da irin wannan ayari a Kayama ta ƙasar Bargu a 1826, ayarin yana dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa maza da mata sun haura 1,000, dabbobin kaya ma kamar haka.

Mutum dubu da jaki dubu ba sa tafiya da ka. Jagaba ne ke gaba, shi ya san hanya, ya san mashaya, ya san inda za a yi zango. Uban dawaki ke tattara kuɗin da za a biya sarakunan hanya da masu fito, yana raba wa kowane falke gwargwadon yawan kayansa. Malamin ayari ke duba ranar tashi, ya yi addu'a, ya rubuta bashi da wasiƙu, ya kuma lissafa dukiyar wanda ya rasu a hanya don a kai wa magadansa. Madugu kuwa a baya yake tafiya, inda haɗari ya fi yawa, domin 'yan fashi ba sa tarar goshin ayari, wanda ya gaji ya ja baya suke jira. Shi ke cinikin garama, wato kuɗin wucewa, da sarkin kowane gari, shi ke yanke hukunci idan fatake biyu suka saɓa, shi ke cewa a tashi ko a kwana.

A wannan hukunci na tashi ko kwana ake gane madugun kirki, saboda goro ba ya jira. Ana ƙirga shi da ƙwarya, goro 100 ke nan, a jera shi cikin ganye mai laima, a ɗaure huhu, a ɗora wa jaki ko takarkari. Bayan 'yan kwanaki dole a sauke a kwance, a tsince wanda sankara ta kama, a yayyafa ruwa, a sauya ganyen da ya bushe. Idan aka bar ƙwaya ɗaya mai sankara, huhun gaba ɗaya zai tafi. Idan ruwa ya yi yawa goro ya ruɓe, idan ya yi kaɗan ya yanƙwane, iskar hunturu kuma ta fi komai saurin busar da shi. Madugun da ya matsa wa ayari don gudun biyan kwana zai isa Jega da goron da ba ya sayuwa. Wanda ya yi sanyin jiki kuma damina za ta riske shi a bakin Neja, masu jirgi su ninka kuɗin fito, jakuna su fara mutuwa. Falke na iya yafe hasarar shekara ɗaya, amma ba zai sake bin wannan madugu ba, kuma babu sarkin da zai tilasta masa.

Nan ne dalilin ƙarancin sunan yake. Unguwar maƙera kowa maƙeri ne, ɗa ya tashi a bakin zugazugi, jika ma haka, sunan ya bazu da yawan zuriya. Ayari kuwa komai girmansa madugunsa ɗaya ne. Ɗan madugu na iya gadon jakunan ubansa da sanayyarsa da masu masauki a Salaga, amma yardar fatake sai ya nema da kansa. Gidaje da yawa sun yi madugu sau ɗaya tak a tarihinsu.

Sannan sana'ar ta mutu kafin a fara rubuta sunan ƙarshe. Turawan Ingila sun ci Kumasi, babban birnin Asante, a 1874, Salaga ta fita daga hannun Asante, goro ya ragu a kasuwarta. Yaƙin basasar 1892 ya watsa Salaga, fatake da malamai suka bazu, ciki har da Alhaji Umaru, malamin nan mai asali da Kabi wanda ya ƙare rayuwarsa a Kete Krachi, cikin Gana ta yau, a 1934. Daga baya goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Ikko, jirgin ƙasa ya ɗauko shi zuwa Kano daga 1912, layin dogo ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Lokacin da makarantun boko suka yawaita har malami ke tambayar yaro sunan da zai biyo bayan nasa, madugai na ainihi sun zama kakanni. Mutanen Kabi da Zamfara kuma sun fi son sunan gari: Jega, Gummi, Argungu, Kamba, Anka. Jikan madugu da aka kai makaranta nesa da gida, sunan garinsu aka liƙa masa, laƙabin kakan ya tsaya a zaure.

Saboda haka wanda ake kira Madugu a yau ba lallai ne kakansa ya taɓa taka Gwanja ba, kuma mai neman asalinsa ya kamata ya rarrabe. Akwai gidan da sunan ya fito daga fatauci kai tsaye, alamarsa kuwa tsofaffin gidan za su iya faɗin zangunan hanya, galibi kuma akwai dangi da suka zauna a wani zango a Gana ko Togo ko Benin. Akwai wanda aka raɗa wa sunan kakansa, iyaye suka ji nauyin kiran sunan, suka koma kiran yaron da laƙabin mai sunan, har ya bi shi. Akwai wanda sarki ya naɗa Madugu a matsayin sarauta bayan ayari ya daina tafiya. Akwai kuma na baya-bayan nan, shugaban direbobin manyan motoci ko mai jagorantar 'yan kasuwa zuwa Kudu, wanda abokan tafiya suka sa wa sunan. Tambaya ɗaya ke warware yawancin wannan: wa aka fara kira da sunan a gidan, kuma me yake yi?

Sunan ya bi hanyar goro ya fita ƙasar Hausa. A ƙasashen da ke rubutu da Faransanci ana rubuta shi Madougou, kamar a sunan Reckya Madougou, tsohuwar ministar shari'a ta Jamhuriyar Benin. Wannan bambancin rubutu na jawo matsala ga mutanen kan iyaka irin na Kamba da Illo, inda ɗan'uwa ɗaya ke da takardar Nijar ko Benin, ɗaya ta Nijeriya. A cikin gida ma ana samun wa ya rubuta Madugu, ƙane ya rubuta sunan gari, ƙanwa ta rubuta sunan uba. Ranar da za a daidaita NIN da BVN da takardar jarrabawa, ko a karɓi haƙƙin mamaci a banki, sai an je kotu an yi rantsuwa kafin a yarda gida ɗaya suka fito. Gidan da ke son riƙe sunan ya zauna ya tsayar da rubutu ɗaya da jeri ɗaya, sunan yanka, sunan uba, sannan Madugu, tun daga takardar haihuwa, kafin yaro ya shiga aji ɗaya.