Don Allah ku daina juye ragowar kifin gona a kogi

Daminar bara da ta bana, sau huɗu ana kirana bakin ruwa in duba kifin da masunta ba su san sunansa ba. Na baya-bayan nan wani dattijo ne da ya fi shekara arba'in yana jefa koma. Ya ɗago min shi daga cikin kwalekwale, fari-fari, fata sumul kamar ta tarwaɗa, sai ka ce ragon ruwa amma ba shi ba ne. Ya ce, "Malam, wannan baƙon daga ina?" Na ce, "Baba, daga Asiya." Pangasiyus ne, ɗan kogin Mekon, irin da wasu masu kiwo ke sayowa. Kifi kuwa ba ya da ƙafa. Wani ne ya zuba shi.

Masu kiwon kifi, da ku nake. Na san wahalarku, na san yadda kuɗin buhun abinci ke hana ku barci. Amma wannan ɗabi'a ta ishe ni. An kwashe kifi, an bar ƙananan da 'yan kasuwa suka ƙi, sai a cika bokiti a nufi dam. Ko a buɗe bututu, ruwan kududdufi ya gangara rafi da 'ya'yan kifin a ciki. Har wani ya ce min wai sadaka ya yi wa masunta. Wace irin sadaka ce wannan, Alhaji? Wai "ai kifi kifi ne, ruwa ruwa ne." Wallahi ba haka ba ne.

Ku dubi giwan ruwa. Namu ne, yana nan a kogin Neja da tafkin Chadi tun kaka da kakanni, bai ƙarar da kowa ba. A shekarun 1950 aka ɗauke shi aka zuba a tafkin Biktoriya, tsakanin Yuganda da Kenya da Tanzaniya, don a samu babban kifin sayarwa. Ya yi shiru shekaru, har aka kusa mantawa da shi. Zuwa shekarun 1980 ya cika tafkin, ƙananan kifayen wurin nau'i wajen 200 suka ɓace. Talakan da ya saba shanya ɗan kifinsa a rana ya koma neman itacen banda, domin giwan ruwa mai ne da shi, ba ya shanyuwa. Har yau ba a iya fitar da shi ba, kuma ba za a iya ba. Tarwaɗar nan tamu ma, da aka kai ta Indiya, ɓarnar da ta yi sai da gwamnati ta haramta kiwonta.

Kada wani ya ce min shi tarwaɗa kawai yake kiwo. Ta gona daban, ta kogi daban. Da yawa ruwa-biyu ce, haɗin tarwaɗa da ramboshi (wani babban kifi ɗan uwanta), an zaɓe ta ne don ci da saurin girma. Ku da kanku kuna ganin yadda babba ke haɗiye ƙarami a kududdufi in an makara da abinci. To, me kuke zaton za ta yi wa 'ya'yan karfasa da kawara? Ga cuta kuma, in tana ɗauke da ita. Mutanen Hadeja da Nguru sun ga yadda ciyawar kachala ta toshe musu hanyoyin ruwa. Ita ko ana ganinta ana sara, shi baƙon kifi a ƙarƙashin ruwa yake.

Abin yi ba shi da wuya:

- Ragowar kifi a sayar, a yi banda, ko a raba wa maƙwabta su ci.
- Wanda ya mutu a binne shi nesa da ruwa.
- A ɗaura raga mai ƙananan ido a bakin bututu, ruwan kuma a kai shi gona, taki ne.
- Kada a haƙa kududdufi inda ambaliya ke kaiwa.
- Kafin sayen iri, a tambayi sunansa da inda ya fito.

Ku kuma masunta, in kun kama baƙon kifi kada ku mayar da shi. Ku nuna wa Sarkin Ruwa, ko ku aiko a kira ni, zan zo. Masu kududdufi a fadama kuwa, zan sake zagayowa kafin ruwan Agusta, kuma ragar bakin bututun nan zan fara dubawa.