Rajistar Dashen Gaɓa

Rajistar dashen gaɓa babban kundi ne da ake tara bayanan kowace tiyatar da aka cire gaɓar da ta lalace, musamman ƙugu ko gwiwa, aka sa ta ƙarfe da roba ko tangaran a madadinta. Ana rubuta shekarun majinyaci, da cutar da ta ci gaɓar, da kamfani da lambar kayan da aka dasa, da ko an liƙa su da simintin ƙashi. Daga nan sai a bi sawun mutum shekara da shekaru, a ga ko an sake buɗe shi don gyara ko sauya dashen. Yawan wannan tiyata ta biyu shi ne babban ma'aunin da masu bincike ke dubawa.

Tarihi

Suwidin ce ta fara yin ta ƙasa baki ɗaya, da rajistar gwiwa a 1975 da ta ƙugu a 1979. Norwe ta buɗe tata a 1987, Ostareliya a 1999, sannan ta Ingila da Wales ta soma karɓar bayanai a 2003. A Afirka, Malawi ta kafa tata a 2005.

Amfaninta

Likita guda, komai ƙwarewarsa, abin da ya bi ta hannunsa kawai ya sani. Idan wani samfurin ƙugu yana saurin lalacewa, sai an haɗa dubban mutane daga asibitoci da yawa kafin aibinsa ya fito fili. Haka aka yi da ƙugun ASR na kamfanin DePuy, wanda ƙarfe ke gogar ƙarfe a cikinsa, ɓurɓushin ya riƙa ɓata naman da ke kewaye da gaɓar. Rajistar Ostareliya ta yi ta nuna cewa masu shi suna komawa ɗakin tiyata fiye da ƙima, aka daina sayar da shi a can a 2009. Alƙaluman Ingila kuma suka nuna an sake yi wa kashi 12 zuwa 13 cikin 100 aiki a shekara biyar. A Agustan 2010 kamfanin ya janye shi daga kasuwannin duniya, bayan an dasa kimanin 93,000.

Inda take da rauni

Rajista tana nuna abin da ya faru, amma ba kullum take bayyana dalili ba, domin likitoci ne ke zaɓar wanda za su sa wa wane samfuri. Abin da ya fi wannan muhimmanci, rashin komawa tiyata ba shi ne samun lafiya ba. Akwai mai dogara sanda, ciwo na hana shi barci, amma kundi ya lissafa shi cikin waɗanda aikinsu ya yi kyau don kawai ba a sake buɗe shi ba. Shi ya sa rajistoci da dama suka ƙara tambayar majinyaci da bakinsa game da ciwo da tafiya.

Ghana

Ana yin tiyatar dashen gaɓa a asibitoci irin su Korle Bu a Accra da Komfo Anokye a Kumasi, kuma kayan dashen daga ƙetare ake shigo da su. Sai dai alƙaluman Turai galibi na tsofaffi ne masu amosanin gaɓɓai. A Ghana kuwa kusan kashi 2 cikin 100 na jarirai ana haifarsu da sikila, wadda kan toshe wa kan ƙashin cinya hanyar jini har ya mutu ya ruguje. Don haka akan sami ɗan shekara ashirin da 'yan kai yana buƙatar sabon ƙugu, kuma zai yi ta aiki da shi tsawon rayuwarsa.

Yanayin amfani da gaɓar ma daban ne. Mutumin unguwar Aboabo a Kumasi ko Nima a Accra yana durƙusawa ya yi sujada sau da yawa a yini, ya naɗe ƙafa a zaman tahiya, ya tsuguna wurin alwala, ya hau trotro, wato ƙaramar bas ta haya, ƙafa a takure. Dattijuwar da aka sauya wa gwiwa, tambayarta ga likita ita ce ko za ta koma salla a kan darduma ko sai a kan kujera, kuma adadin tiyata ta biyu ba ya ba da wannan amsa.

Ga kuma batun kuɗi. Wanda dangi suka yi masa karo-karo kafin a yi aikin farko, idan dashen ya saki yana iya haƙura a gida ko ya nufi wajen mai ɗori, asibiti ba ta sake jin labarinsa. Saboda haka rajistar da za ta faɗi gaskiya a Ghana dole ta nemi majinyaci har gida ta waya, ta haɗa bayanansa da lambar Ghana Card, wato katin shaidar ɗan ƙasa, don kada ya ɓace idan ya sauya asibiti, ta kuma tsare sirrinsa bisa dokar kare bayanai ta 2012.