Indie: kalmar da aka raba da ma'anarta

Kalmar "indie" ta cika ko'ina yanzu. Tana cikin jerin waƙoƙin Spotify, tana bakin masu gabatar da kiɗa a rediyo, kuma duk matashin da ya rungumi jita ya rera waƙa a sanyaye sai a kira shi mawaƙin indie. Ba ta da wata alaƙa da Indiya, ko da yake can kunnen Bahaushe zai fara kai ta. An gutsuro ta ne daga kalmar Turanci independent, wato mai cin gashin kansa. Abin da ke damuna shi ne yadda ake ɗaukarta a matsayin sunan wani salon kiɗa, kamar a ce asharalle ko reggae. A Birtaniya, inda kalmar ta yi ƙarfi, maganar kasuwanci ce tsantsa: wa ya biya kuɗin situdiyo, kuma ta hannun wa faifan ya isa shago.

A farkon 1980 aka fara wallafa jadawalin faya-fayan indie da suka fi sayuwa a can. Sharaɗin shiga ɗaya ne, kada faifai ya bi ta rumbunan rarrabawa na manyan kamfanoni irin su EMI, CBS da WEA. Ba ruwan jadawalin da irin kiɗan da ke ciki. Shi ya sa a 1988 Kylie Minogue, mai waƙoƙin rawa na gidan biki, ta hau samansa, domin kamfaninta PWL ta hannun dillali mai zaman kansa yake sayar da kayansa. Wanda ya ce indie sauti ne, sai ya bayyana mana wannan.

Kundin waƙoƙi na farko na ƙungiyar The Smiths ya fi komai nuna yadda abin yake aiki. Samari huɗu ne daga Manchesta, Morrissey da Johnny Marr da Andy Rourke da Mike Joyce, da suka fara haɗuwa a 1982. Sun ƙulla da Rough Trade, kamfanin da ya samo asali daga shagon faifai da Geoff Travis ya buɗe a yammacin Landan a 1976. Tsarin Rough Trade shi ne a cire kuɗin da aka kashe, a raba ribar biyu daidai tsakanin kamfani da mawaƙa. Babban kamfani kuwa yakan ba da kuɗi masu tsoka tun farko, sannan ya riƙa cirewa daga ɗan kason mawaƙi har sai ya fanshe.

Rabon yana da kyau, amma aljihun kamfanin bai da zurfi, kuma a jikin kundin aka ga haka. A tsakiyar 1983 an ɗauki waƙoƙin gaba ɗaya da furodusa Troy Tate a wani situdiyo a Wapping, gabashin Landan. Travis bai gamsu ba, ya ba wani furodusa, John Porter, kaset ɗin ya saurara, shi kuma ya ce kayan kiɗan ba su daidaita ba, bugun ma yana kaucewa. Sai aka ajiye aikin duka aka sake daga farko, gutsure-gutsure, a Landan da Manchesta, a 'yan kwanakin da ƙungiyar ba ta yawon wasa. Da aka gama, Morrissey bai ji daɗin sautin ba, amma babu kuɗin ɗauka ta uku. Haka aka fitar da shi ranar 20 ga Fabrairu, 1984, ya kai mataki na biyu a babban jadawalin ƙasar. Har yau masoyan ƙungiyar suna cewa sautinsa ya yi sanyi idan aka gwada da waƙoƙin da suka ɗauka wa rediyon BBC. Ni a ganina wannan raunin wani ɓangare ne na ma'anar kalmar, domin mai cin gashin kansa iya kuɗinsa iya shagalinsa.

Ga kuma abin da masu cewa "sauti ne" ba sa iya warwarewa. A Amurka kundin nan ya fito ne ta kamfanin Sire, wanda ke ƙarƙashin Warner. Mawaƙan ba su canja ba, kiɗan bai canja ba, amma a Ingila indie ne, a Amurka kayan babban kamfani ne.

Wahalar gaske tana wajen rarrabawa. Bayan situdiyo akwai yanka uwar faifai, da buga kwafi a masana'anta, da buga kwali, kuma duk waɗannan suna son kuɗinsu da wuri. Shaguna kuwa sai bayan makonni suke biya, wani lokaci su dawo da abin da bai sayu ba. Idan faifai ya karɓu, dole a buga dubbai nan take da kuɗin da bai shigo ba tukuna, don haka nasara kanta tana iya karya ƙaramin kamfani. Don rage wannan ne Rough Trade ya haɗa kai da shaguna irin su Red Rhino a York, Probe a Liverpool da Revolver a Bristol, kowa yana raba kaya a yankinsa. Duk da haka bashi ya durƙusar da sashen rarrabawar Rough Trade a 1991, kuma a 1992 waƙoƙin The Smiths suka koma hannun Warner.

Ma'anar ta fara zamewa ne tun 1986, lokacin da jaridar kiɗa ta NME ta fitar da kaset mai suna C86 cike da ƙungiyoyin jita masu kama da juna, sunan ya manne wa sautin. Manyan kamfanoni suka lura akwai kasuwa, suka buɗe ƙananan rassa masu bi ta dillalai masu zaman kansu don su shiga jadawalin. Kundin farko na ƙungiyar Oasis a 1994 yana ɗauke da tambarin kamfanin indie mai suna Creation, alhali tun 1992 Sony ya sayi kashi 49 cikin ɗari na kamfanin. Wannan sa rigar talaka ce kawai. Kundin farko na ƙungiyar Arctic Monkeys kuwa a 2006, wanda ya sayar da kwafi sama da 360,000 a makon farko, ya cancanci sunan, domin kamfaninsu Domino mai cin gashin kansa ne.

A 2009 aka sauya sharaɗin jadawalin, aka koma duba wanda ya mallaki kamfanin maimakon wanda ya rarraba. Da wannan ma'auni kundin Adele na 2011 indie ne a Birtaniya, tunda kamfanin XL mai cin gashin kansa ne ya fitar da shi. Kafin a kira wani kundi indie, a gangara ƙasan shafinsa a Spotify, inda aka sa ƙaramin harafin P cikin da'ira tare da shekara da sunan kamfani. A bincika wa ya mallaki kamfanin nan, a kuma lura ko an rubuta cewa an ba da lasisinsa ga Universal, Sony ko Warner.